Horar da Ma'aikata: Ribar Ta Fi Komawa Aljihun Mai Kamfani

Da wuya ka ce wa mai masana'anta ya tura ma'aikatansa kwas bai amsa maka da cewa, "In na koya masa, gobe wani ya ɗauke shi" ba. Masanin tattalin arzikin Amurka, Gary Becker, wanda ya ci kyautar Nobel a 1992, ya yi bayanin wannan tsoro tun a 1964: ƙwarewar da ke da amfani a ko'ina, ma'aikaci na iya tafiya da ita, shi ya sa kamfani ke nauyin hannu wajen biyan kuɗinta.

Amma kamfanonin Jamus sun daɗe suna biya, kuma ba sadaka suke yi ba. A ƙarƙashin dokar koyon sana'a ta 1969, matashi kan yi shekara 2 zuwa 3 da rabi yana koyon ɗaya daga cikin sana'o'i fiye da 300. Kwana uku ko huɗu a mako yana wurin aiki, sauran kwanakin yana makaranta, kamfani na ba shi alawus. Kafin ya gama, hannunsa ya faɗa, aikinsa ya fara mayar da abin da aka kashe masa. Ranar da za a ɗauke shi, an san halinsa, shi ma ya san injinan gidan. Da yake kamfanoni da yawa na horarwa, in wani ya tafi, horarre ne zai maye gurbinsa.

A nan gida, mu ɗauki masana'antar roba a Sharaɗa ko Bompai. Ma'aikacin da aka koya wa aiki, da ya ji ƙarar inji ta sauya zai kashe shi, ya duba mai, ya ɗaure bel. Wanda aka bari da kallo kawai, sai ya ga hayaƙi. Daga nan aiki ya tsaya, a yi ta jiran injiniya daga Legas, albashi na tafiya, masu oda suna waya. Araha ba ta ado.

Mai gudun kada horarre ya tafi, maganin na hannunsa: ƙarin albashi gwargwadon ƙwarewa, da ƙarin girma a kan lokaci. Mutum ba ya saurin barin inda yake ganin ci gabansa.

Akwai ma kuɗin da wasu ke bari a ƙasa. Hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF, wadda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, tana karɓar kashi 1 cikin 100 na albashin shekara daga kamfanonin da doka ta shafa, kuma tana iya mayar da har rabinsa ga wanda ya horar da ma'aikatansa bisa tsarin da ta amince da shi. Wanda ya biya bai horar ba, ya yi asara biyu. Saboda haka, a kasafin baɗi, a ware wa horo kasonsa kamar yadda ake ware wa dizal, a tsara shi da hukumar tun farkon shekara, a adana rasitai.