Yawan Fanka Ba Shi Ne Sanyi Ba

Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu a ɗakunan samarinmu na Zangon Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase da Sabon Zango, kuma na gaji da ganinta. Yaro zai yi watanni yana tara sidi, ya je Adum ya sayo kayan kwamfutar tebur ɗaya bayan ɗaya, wasu sababbi, wasu hom-yus da aka sauke a Tema, ya zauna ya harhaɗa da hannunsa. Wannan abin a yaba ne. Amma ka leƙa ɗakin bayan 'yan makonni, sai ka tarar an cire murfin gefen akwatin an jingine da bango, an jawo fankar tsaye tana hura cikin kwamfutar. In ka tambaya, a ce maka ai zafin Gana ya fi ƙarfin kayan Turawa, dole a bar ta ta sha iska. Wani kuma ya cike kowane gurbi na akwatin da fanka, shida ko bakwai, duk suna hurawa ciki, ƙara kamar injin niƙa, shi kuwa yana ta murna wai ya yi maganin zafi.

Bai yi ba. Fanka ba ta ƙera sanyi, iska kawai take turawa daga wuri zuwa wuri. Firosesa da katin hoto su ke fitar da zafi, ƙarfen nan mai siraran fiffike da ke kansu ya zuƙe shi, iska ta zo ta kwashe ta fita da shi. Abin da ake bukata shi ne iskar ta samu mashiga ta samu mafita. Duk wanda ya kwana a ɗakin haya mai ƙofa ɗaya babu taga a watan Maris ya san wannan: fankar sama tana ta juyi, amma iska mai zafin nan ce dai take dawo maka. In fankoki bakwai duk suna tura iska ciki, babu mai fitarwa, zafin zai yi ta zagaye a kan kayan. In kuwa duk fitarwa suke yi, akwatin zai riƙa zuƙo iska ta kowace kafa da tsaga, ya shigo da ƙura ta inda babu raga.

Tsarin da masu ƙera akwati suka yi nufi ba shi da wuya. Iska ta shiga ta gaba, ta ratsa kan kayan, ta fita ta baya da sama. Fanka biyu masu faɗin milimita 120 a gaba da ɗaya a baya sun wadatar da mafi yawan kwamfutocin da ake haɗawa a nan. Dalilin da ya sa masu shigarwa za su ɗan fi yawa shi ne, iskar da ta yi rara a ciki za ta riƙa fita ta tsagogi, ƙura kuma ba ta samun shiga sai ta gaba, inda raga ke tare ta.

Na san abin da za a ce: ai da na buɗe gefen, zafin ya ragu. Haka ne, yakan faru. Amma wannan shaida ce cewa an ɗaura fankokin a juye, ko wayoyi sun cunkushe hanyar iska, ko gaban akwatin a toshe yake. Maimakon a gyara, sai a bar ciki a buɗe daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazon hunturu ke sauka a kan komai. Fankar tsaye za ta kwashi ƙurar ƙasa da zaren tufafi ta cusa tsakanin fiffiken ƙarfen nan har su toshe. Kafin damina zafin ya fi na da. Ba a ma maganar kyankyasai da tururuwa, da ƙaramin yaro mai son taɓa abin da ke juyi, da kofin koko da aka ajiye a gefen tebur. Haba samari! Kuɗin nan fa da gumi aka same su.

Kuma a daina auna zafi da tafin hannu. Firosesa na zamani yana kare kansa: in ya kai wajen digiri 95 zuwa 100 sai ya rage gudu, in abin ya ƙi ya kashe kansa. A ɗakin da zafinsa ya haura digiri 30, ganin 45 ko 50 lokacin da kwamfuta ba ta wani aiki ba abin tsoro ba ne. Shiga BIOS ka duba lambar da idonka.

To yaya ake gane inda fanka ke hurawa? Juya ta. Fuskar da ke da sandunan roba huɗu masu riƙe da injin fankar, inda waya ke fitowa, ta nan iska ke fita. Da yawa suna da kibiyoyi biyu a jikin gefensu, ɗaya na juyi ɗaya na iska. In har yanzu kana shakka, kunna ta ka kusantar da yankin takarda mara nauyi ka ga ko za ta manne ko za ta kauce. Wayar fankar firosesa kuwa a gurbin babban allon kwamfuta (motherboard) da aka rubuta CPU_FAN ake sa ta, ba wani ba, domin wasu allunan ba sa yarda su tashi in gurbin nan babu komai. Sauran su tafi SYS_FAN ko CHA_FAN. Fanka mai rami uku tana shiga gurbi mai haƙora huɗu lafiya lau, akwai ɗan tudun roba da ke nuna yadda za ta zauna. Mai rami huɗu ta fi, don allo yana iya sarrafa gudunta daidai da zafi. Galibin waɗannan gurabe amfiya 1 suke ɗauka, saboda haka kafin ka jera fankoki a waya ɗaya mai rassa, karanta abin da aka rubuta a bayan kowace ka haɗa lissafi.

Abin mamaki, waɗanda ba sa tsoron ƙura su ne ke rawar jiki a gaban 'yan siraran wayoyin nan na gaban akwati, wai in aka juya ɗaya allo zai ƙone. POWER SW da RESET SW ba su da gaba ko baya, maɓalli ne kawai da ke haɗa haƙora biyu. POWER LED da HDD LED suna da alamar tarawa da ta ragewa, amma in ka juya su fitilar ce kawai ba za ta kama ba, sai ka cire ka gyara. Littafin allon yana da zanen gurbin. Allunan da aka ciro daga kwamfutocin ofis na Dell ko HP sukan zo da nasu tsarin daban, don haka a tambaya tun a shago.

Inda ake asara ta gaske ga shi. Wutar Gana bolt 230 ce. Tsofaffin akwatunan wuta (power supply) da suka fito daga Amurka wasunsu na da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. In yana kan 115 ka jona a soket, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi. Duba shi kafin komai. Waya mai rami takwas ta firosesa da ta katin hoto sun yi kama, amma tsarin wutarsu ba ɗaya ba ne. Ta firosesa tana rabuwa huɗu da huɗu, ta katin shida da biyu. Wadda ta ƙi shiga, kada a danna ta da ƙarfi. Fitilun ado masu bolt 5 in aka sa su a gurbin bolt 12 sun mutu nan take. Kada a ɗauki wayar wani akwatin wuta a jona a wani don bakin ya yi daidai. Kada kuma a kwantar da allo a kan ƙarfen akwati ba tare da 'yan ginshiƙan tagullar nan da ke ɗaga shi ba. In aka koma batun zafi, wani lokacin daga busasshen man da ake shafa wa firosesa yake, ko ledar da aka manta ba a ɓare ba a gindin ƙarfen sanyaya.

Ka zare waya daga soket kafin ka sa hannu ciki. Ka bi da wayoyi ta bayan allo ka ɗaure su, ka ɗaga akwatin daga ƙasa, kada ka matse bayansa da bango. Da hunturu ka riƙa wanke ragar gaba ka bar ta ta bushe sarai, in za ka hure ƙura kuma ka riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyi. Ƙannena, kuɗin fanka ta biyar da ta shida ku tara su ku sayi UPS, domin ɗauke wuta da dawo da ita ba zato sun fi zafin Kumasi haɗari ga kwamfutarku. Ku mayar da murfin nan ku ɗaure shi.