Battle Beasts: Abin Wasan Da Kwalinsa Ke Ba Da Tarihinsa

Yawancinmu, da an saya mana abin wasa sai mu yage kwalin mu yar. Masu tara Battle Beasts kuwa, kwalin suke fara dubawa.

Battle Beasts 'yan mayaƙan roba ne masu kawunan dabbobi, kamar zaki, giwa da kada, kowa da sulkensa da makaminsa. Tsayinsu kusan inci 2 ne. Kamfanin Takara na Japan ne ya ƙera su, kamfanin Hasbro kuma ya sayar da su a Amurka a 1987. Kowanne yana da sitika a ƙirji. Idan aka murza ta da yatsa ta ɗumama, sai alamar wuta, itace ko ruwa ta fito. Wuta tana cin itace, itace yana cin ruwa, ruwa yana cin wuta.

A Amurka an fitar da kashi uku, jimillar mayaƙa 76, galibi biyu-biyu a manne da kati. A Japan kuwa sunansu Beastformers, kowanne a ɗan kwalinsa, kuma an haɗa labarinsu da na Transformers. A kashi na huɗu, Laser Beasts, an maye gurbin sitikar da ɗan gilashin da ake leƙawa. Kaɗan daga cikinsu ne suka isa Amurka, shi ya sa suke tsada a yau.

In mun ci karo da ɗaya a kayan gwanjo, mu duba sitikarsa da makaminsa. Rashin ɗayansu yana karya farashinsa, kwalin asali kuma yana ɗaga shi.