TSAWON RAI BA A SAYENSA A KWALBA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya ratsa Babbar Kasuwar Sakkwato da hantsi, ko ya tsaya a bakin masallaci bayan an sallame Juma'a, da wuya kunnensa ya kuɓuta daga lasifikar masu tallar magani. Wannan ya ce nasa yana wanke sukari daga jini cikin mako guda, wancan ya ce nasa yana mayar da tsoho yaro. A ofisoshi kuwa tallar ta fi natsuwa: abokin aiki ne zai buɗe jaka ya fito da kwalabe masu ƙyalli, ya ce ƙwayoyin ƙarin lafiya ne daga Amurka ko Sin, wanda ya lizimce su zai daɗe a duniya. Mun ga ya wajaba mu tsaya a kan wannan al'amari a filinmu na wannan mako, domin ya shafi dukiyar Musulmi, da jikinsa, har da aƙidarsa.

ABIN DA MAGABATA SUKA BARI

Kada wani ya zaci maganar lafiya baƙuwa ce a birnin Shehu. Malam Abdullahi na Gwandu ya wallafa Masalihul Insan, inda ya haɗa gyaran addini da gyaran jiki a littafi guda. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, duk da nauyin mulki da ke kansa, ya yi rubuce-rubuce a kan likitanci, har da waɗanda ya keɓe wa ciwon ido, da basur, da ciwon ƙoda. Watau tun farko malamanmu sun ɗauki jiki amana ce, kiyaye shi kuma aiki ne na ilimi, ba na kirari ba.

Ciwon sukari ma tsohon ciwo ne. Likitocin Indiya na dā sun lura kiyashi na taruwa a fitsarin mai shi, Ibnu Sina kuma ya siffanta shi a littafinsa na likitanci. Abin da aka gano daga baya shi ne yadda yake aukuwa. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi da ke fitar da sinadarin insulin, wanda shi ke buɗe wa sukari hanya daga jini zuwa tsoka, ya zama ƙarfi. Idan insulin ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin maganarsa saboda teɓa da yawan zama, sai sukari ya taru a jini, ya riƙa cin jijiyoyi a hankali. Daga nan ne makanta ke zuwa, da mutuwar ƙoda, da shanyewar ɓarin jiki, da gyambon ƙafa wanda kan kai ga yankewa. Sai a 1921 aka tace insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada, aka fara yi wa maras lafiya allurarsa a 1922.

BIRNI DA RUGA

Ba sai mun je nesa neman hujja ba. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a ƙarƙashin Dakta Anas Sabir, sun auna jinin Fulani mazauna birnin Sakkwato, suka buga sakamakon a 2011, sannan suka auna na Fulanin karkara, suka buga a 2013. A birni an sami ciwon sukari a jikin kusan mutum 5 cikin 100. A karkara kuwa bai kai mutum 1 cikin 100 ba. Jini ɗaya ne, addini ɗaya, rana ɗaya ke dukansu. To, mene ne ya bambanta su?

Mutumin ruga ba ya shan ƙwayar ƙarin lafiya, bai ma san sunanta ba. Abin da yake da shi shi ne tafiyar ƙasa tun safe har yamma, da furar gero, da nono, da tuwon dawa. Mu kuwa na birni, ɗan kasuwa yakan wuni zaune a kan buzu ko benci, ma'aikaci a kan kujera, mota ko kabu-kabu ke kai mu ko da ƙofar masallacin unguwa ne. Karin kumallo shayi ne mai kauri da burodi, rana farar shinkafa ko taliya, a kora da lemon kwalba mai sanyi saboda zafin gari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babba zai sha a yini kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, in da hali ma 6. Alhali kuwa kwalbar lemo guda takan ɗauki kusan cokali 9.

Shari'a ta riga ta yi mana iyaka tun kafin likita ya yi. Aya ta 31 ta Suratul A'araf ta halatta mana ci da sha, ta kuma hana wuce gona da iri. Hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikariba, wanda Tirmizi ya ruwaito, ya koya mana a kasa ciki uku, tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Mun haddace wannan tun muna makarantar allo, amma a gaban akushi sai mu manta.

ME BINCIKE YA NUNA?

Masu sayar da ƙwayoyi sukan ce Turawa sun tabbatar da kayansu. Bari mu ga abin da Turawan suka samu. A 2024 an buga sakamakon wani bincike a Amurka, inda aka bi rayuwar mutum fiye da 390,000 masu lafiya har sama da shekara 20. Waɗanda ke shan ƙwayar bitamin kullum ba su fi waɗanda ba sa sha tsawon rai ba. A 2018 wani gwajin mai mutum fiye da 25,000 ya nuna bitamin D bai rage kamuwa da ciwon daji ko manyan cututtukan zuciya ba. Tun a 1994 ma, a ƙasar Finlan, an ba mashaya taba ƙwayar beta-karotin da zaton za ta kare su, sai ciwon dajin huhu ya ƙaru a cikin waɗanda suka sha.

A ɗaya gefen kuma, a 2002 an buga sakamakon gwajin da aka yi wa mutum 3,234 a Amurka, waɗanda sukarinsu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba. Waɗanda aka sa su rage ƙiba kaɗan, su kuma motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Minti 150 a mako, jama'a, rabin sa'a ne a kwana biyar. Wanda ya ajiye mota ya taka da sauri zuwa rumfarsa ko ofishinsa ya cika shi, bai kashe ko kwabo ba.

Ba muna cewa ƙwayoyin nan ba su da wuri sam ba. Mai juna biyu tana bukatar ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a wurin awo, yara suna bukatar bitamin A, wanda kuma likita ya gano wani abu ya gaza a jikinsa sai a cike masa. Wannan magani ne a gurbinsa. Haka zuma da habbatus sauda, falalarsu ta tabbata a nassi, ba mai musun ta. Amma Annabin da ya yabe su, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya umurce mu da neman magani, ya kuma aika wa wani sahabi mai magani lokacin da ya yi rashin lafiya. Zuma kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, mai ciwon sukari da ya mayar da ita ruwan sha ya cuci kansa. Mafi muni shi ne wanda zai ajiye maganin asibiti saboda alkawarin mai lasifika, sai ƙafa ta ruɓe a dawo da shi ranga-ranga.

GARGAƊI GA MAI SAYARWA

Da yawa daga masu karanta wannan fili 'yan kasuwa ne, wataƙila wasu na da irin kayan nan a rumfa. Sayar da su ba haramun ba ne, amma jingina musu abin da ba su yi ha'inci ne. Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ɓoye, ya kuma barranta daga mai algus. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani ba da sani ba, shi ke da lamunin ɓarnar da ta auku. Lambar hukumar NAFDAC da ke jikin kwalin maganin gargajiya ma ba shaidar warkarwa ba ce. Sau da yawa a jikin kwalin an rubuta cewa hukumar ba ta tantance da'awar mai shi ba. Ribar da aka ci da ƙafar wani ko idonsa, ina albarkarta?

ABIN DA YA KAMATA MU YI

Ciwon nan yakan yi shekaru a jiki ba a sani ba, kafin yawan ƙishirwa, da yawan fitsarin dare, da rama su bayyana. Saboda haka wanda ya kai shekara 40, ko yake da teɓa, ko hawan jini, ko ciwon yana cikin danginsu, ya je a auna jininsa da safe kafin ya karya. Idan awo ya nuna 126 ko fiye, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, aka maimaita aka sake samun haka, to ciwon ya tabbata, sai a bi likita. Idan ya kusa kai wa can, to lokacin gyara ne: a rage sukari a shayi, a bar lemon kwalba, a rage malmala, a yawaita wake da zogale da rama da kuɓewa, a kuma taka ƙasa. Mai ciwon da ke son yin azumin Ramadan ya ga likitansa tun cikin Sha'aban. Auna jini da ɗigo daga yatsa ba ya karya azumi, in kuwa awo ya sauka ƙasa da 70, to ya sha ruwa nan take, domin Allah Ya yi wa maras lafiya rangwame, karɓar rangwamen kuma ibada ce.

Game da tsawon rai kuwa, ajali a hannun Allah yake, ba ya gaba ba ya baya. Abin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Anas a kan jinkirin ajali da yalwar arziki, sada zumunci ne aka ambata, malamai kuma suka fassara shi da albarkar kwanaki, ko ƙari a cikin abin da mala'iku ke riƙe da shi. Kuɗin kwalba guda da ma'aikaci ke cirewa daga albashinsa kowane wata, da ya kai wa gwaggonsa a ƙauye, ya kuma taka da ƙafarsa ya gaishe ta, da ya fi kusa da abin da yake nema. Tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi, amma sai a ɗaure shi da igiya ta gaskiya.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa mu cikin waɗanda rayuwarsu ta yi tsawo aikinsu ya kyautata, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.