Tsayuwar Matashi da Ƙafarsa da Iya Zama da Jama'a: Misali daga Birnin Gwari

1.0 Gabatarwa

Tsakanin shekara 13 zuwa 19, yaro yakan fara janye zuciyarsa daga dogaro da iyaye, ya koyi yanke shawara da haɗiye fushi da jure rashi. Masanin ilimi na Amurka, Robert Havighurst, ya lissafa wannan cikin ayyukan da ke wuyan matashi tun a 1948. Sai dai a wurin Bahaushe, tsayuwa da ƙafa ba ta cika sai an haɗa ta da iya zama da mutane.

2.0 Tanadin Al'ada

A ƙasar manoma irin ta Birnin Gwari, al'ada takan yaye matashi ne sannu a hankali ta hanyoyi uku:

(a) Gayauna: Saurayi yana aikin gandu ƙarƙashin mahaifinsa, amma akan yanka masa 'yar gonarsa. Abin da ya girbe nasa ne, asararsa ma tasa ce.

(b) Gayya: A nan yake gwada ƙarfinsa da na tsara, ya san cewa wanda bai je ta wani ba, ba za a zo tasa ba.

(c) Kunya: Nesantar da ke tsakanin iyaye da ɗan fari takan sa ya kai kukansa ga kawu ko gwaggo ko kaka, ta haka danginsa na zuciya su yawaita.

3.0 Abin da Rashin Tsaro ya Jawo

Lokacin da 'yan bindiga suka yi sansani a dazukan Kamuku da Kuyambana, gonaki da yawa sun gagari masu su. Harin Gwaska na watan Mayun 2018 ya ci rayuka da dama. Yaron da ya rasa uba ya wayi gari shi ne mai gida, ba tare da ya bi matakan nan ba. Irin wannan yakan iya ciyar da kansa, amma ya kasa amince wa kowa. Sulhun da gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla a ƙarshen 2024 ya sa an sake buɗe kasuwar shanu ta garin, sai dai gyaran zuciya ya fi buɗe kasuwa ɗaukar lokaci.

4.0 Kammalawa

Wajibi ne malami ya bambance taurin kai da raunin zuciya. Ya ɗora wa irin wannan ɗalibi ƙaramin nauyi cikin aikin rukuni, ya saurare shi a keɓe, ya kuma guji kunyata shi a gaban tsaransa.

Auna Fahimta

Yi bayanin yadda gayauna ke koya wa saurayi dogaro da kai.