Fumfuna A Ɗakin Kwana: Abin Da Fataken Kurmi Ya Kamata Su Sani

Duk ɗan kasuwar da ya taso daga Illela, Jibiya ko Gaya ya kama ɗaki a Zongon Kwatano, ko Nima ta Akara, ko New Bell ta Duwala, ya san warin nan da ke tarbar mutum idan ya buɗe ƙofa bayan tafiyar mako biyu. Bango ya yi baƙi-baƙi, takalmin fata ya yi fari fat, shaddar da aka nannaɗe don sayarwa ta yi ɗigo-ɗigo. Wannan ita ce fumfuna, kuma danshi ne abincinta.

Mu mutanen Arewa mun saba da busasshiyar iska, shi ya sa muke shimfiɗa katifa a ƙasa, mu rufe taga saboda ƙura. A bakin teku wannan ɗabi'a asara take jawowa. Ruwan da ke sauka a Duwala ya haura milimita 3,500 a shekara, ninkin na Kano sau uku ko fiye. Kwatano kuwa damina biyu gare ta, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Laimar iska a waɗannan garuruwa takan wuce kashi 80 cikin 100, alhali masana na ba da shawarar kada ta ɗaki ta haura kashi 60.

Ba dukiya kaɗai abin ke ci ba. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji da suka danganta zama cikin danshi da fumfuna da tari, toshewar hanci da tashin asma. Yara da tsofaffi da masu ciwon ƙirji su suka fi shan wuya.

To, ina mafita? Mu fara da gano inda ruwan ke shigowa: yoyon kwano, tsagar bango, ko famfon da ke ɗiga a bayan ɗaki. Wannan magana ce da za a yi da mai gida tun kafin a biya kuɗin haya. Wanke bango ba a toshe yoyo ba aikin baban giwa ne.

Sannan a ɗaga katifa bisa gado ko katako, a bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango. Dilolin atamfa ma haka, kuma in da hali a raba su da wurin kwana. Kwali yana shan ruwa, ledar tsakar ɗaki kuma tana ɓoye laima a ƙarƙashinta, don haka a riƙa ɗagawa ana dubawa. Kada a shanya wanki a ciki. Da rana ta fito a buɗe ƙofa da taga, a kunna fanka. Duk abin da ya jiƙe a busar da shi kafin kwana biyu, domin bayan nan fumfuna ta kama.

Inda ta riga ta fito a bango ko siminti, a goge da ruwa da sabulu, sannan a bi da ruwan javel, wato irin su Jik ko Hypo, kofi ɗaya cikin lita 4 na ruwa. A sa safar hannu, a rufe hanci, taga a buɗe. Kada a gauraya javel da ruwan khal ko wani maganin wanki, hayaƙinsa guba ne. Kada kuma ya taɓa yadi ko fata. Su a fitar da su waje a kakkaɓe, su sha iska. Katifar da fumfuna ta ratsa cikinta sai haƙuri, a jefar. Fenti a kan jiƙaƙƙen bango ɓarnar kuɗi ne, turaren wuta kuma wari kawai yake rufewa.

Muna jan kunne a kan abu guda: kada a hura gawayi a rufaffen ɗaki wai don ya bushe. Iskarsa ba ta da wari, amma tana kashe mutum cikin barci.

Wanda zai hau Arewa ya daɗe, ya bar makulli wurin amintacce da zai riƙa buɗe ɗakin yana shan iska. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya tsare mana lafiya da dukiya.