Akwatin Kifi Mai Tsirrai: Ƙaramar Duniyar Da Ba Ta Buƙatar Tarin Na'urori

Duk mai yawan leƙa YouTube ko TikTok ya taɓa cin karo da bidiyon akwatin gilashi cike da ruwa, ciyayi kore shar, ƙananan kifaye na kai da kawowa. Da yawa daga cikin irin waɗannan akwatuna na tafiya ne da silindar iskar CO2, fitila mai ƙarfi da na'urar tace ruwa mai tsada. Ga matashin da wutar lantarki ke zuwa gidansu tana ɗaukewa, wannan hanya ce ta asarar kuɗi da mutuwar kifi. Sai dai akwai wani tsarin da tsirrai ke ɗaukar yawancin aikin da injina ke yi.

Wadda ta fi shahara da wannan tsari ita ce Diana Walstad, 'yar Amurka, wadda ta fitar da littafinta Ecology of the Planted Aquarium a 1999. Dabarar ita ce: kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa su zama sinadarin amoniya, wanda guba ne ga kifi, amma taki ne ga tsiro. Tsirrai suna shanye shi, ƙwayoyin bakteriya kuma suna sauya saura zuwa nitrait, sannan nitret mai ƙarancin illa. Ƙasar da ke kwance a gindin akwatin tana ruɓewa a hankali, tana fitar da iskar CO2 da tsirrai ke buƙata, ba tare da silinda ba.

Kayan farawa

Akwati mai ɗaukar lita 40 zuwa 60 ya fi ƙarami sauƙin kula, domin ruwa mai yawa ba ya saurin ɓaci ko ɗaukar zafi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka teburin da za a ɗora shi sai ya zama mai ƙwari. A shimfiɗa ƙasar shuka kaurin santimita 2 zuwa 3, wadda ba a zuba wa takin zamani ko kashin dabbobi ba. Sai a rufe ta da ƙananan tsakuwa masu irin wannan kaurin, don kada ta dagula ruwan. Wajen zuba ruwa, a ɗora faranti a ciki, a riƙa zubawa a kansa a hankali.

Tsirrai masu haƙuri

A shuka da yawa tun ranar farko. Vallisneria da Cryptocoryne suna kafa saiwa a ƙasa. Anubias, wanda asalinsa daga dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, har da kudancin Najeriya da Kamaru, yana jure ƙarancin haske. Shi da Java fern ba a binne su. Ana ɗaure su ne da zare a jikin dutse ko icce, domin in aka binne kaurin jijiyarsu za ta ruɓe. Kainuwa ma tana da amfani, tana shawagi a sama tana zuƙe datti da sauri. Amma dashen Allah ce, ba ta jiran kowa, sai an riƙa rage ta kada ta tare haske.

Na'ura ɗaya tilo

Fitilar LED mai farin haske ta wadatar, awa 6 zuwa 8 a rana. Abin da ya fi cancanci kuɗi shi ne soket mai agogo, ko wanda ake sarrafawa da waya, don haske ya riƙa kunnuwa da mutuwa a kan lokaci. Hasken da ya wuce kima shi ke jawo gansakuka. Hasken rana kai tsaye kuwa ga gansakuka ga zafi, musamman a watannin Maris zuwa Mayu. Ƙananan kifaye irin su guppy sun fi son ruwa mai zafin digiri 22 zuwa 28.

Inda gaggawa ke kashe kifi

Babban kuskuren masu farawa shi ne zuba kifi ranar da aka haɗa akwati. Sabuwar ƙasa tana fitar da amoniya, bakteriya kuma kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. A jira, a gwada ruwan da kayan gwaji har amoniya da nitrait su koma sifili, sannan a saka kifi kaɗan. Ruwan famfo mai kulorin sai an zuba masa maganin da ke kashe kulorin tukuna.

Bayan haka aikin bai taka kara ya karya ba: abinci kaɗan sau ɗaya a rana, cika ruwan da ya ƙafe, aske tsirrai, da sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako a watannin farko. Da dare tsirrai ba sa samar da iskar shaƙa, shi ya sa cunkoson kifi ke da haɗari. In aka ga suna haki a saman ruwa da asuba, sun yi yawa.

Waya ma tana da rawar takawa. Hoto ɗaya duk mako daga wuri ɗaya zai nuna ko tsirrai na girma ko gansakuka na cin ƙarfinsu, tun kafin matsalar ta kai ga kifi.