Uwargida, Dakata Da Shara Tukuna

Tun muna ƙanana iyayenmu suka koya mana cewa macen kirki ba ta barin ɗakinta a hargitse, kuma idan abu ya ɓaci ruwa da sabulu ne maganinsa. Wannan tarbiyya ce mai kyau, addini ma ya ƙarfafa ta. Sai dai akwai ranar da tsintsiya da bokitin wanki kan zama masu taimakon azzalumi, ita ce ranar da aka wayi gari an yi ɓarna a cikin gida. Sau da yawa a irin wannan rana maigida ba ya nan, ko ya fita neman taimako, uwargida ce ke tsaye a wurin. Abin da ta yi kafin 'yan sanda su iso shi ne zai sa a samu hujja ko a rasa.

Mai karanta Suratu Yusuf da lura za ta ga cewa riga ta ba da shaida har sau biyu. Da farko 'yan uwansa sun kawo rigarsa da jinin ƙarya, malaman tafsiri kuwa sun ce mahaifinsu Annabi Yaƙub (AS) ya duba ya ga babu inda ta yage, alhali kerkecin da ya cinye yaro ba zai bar rigarsa lafiya ba. Daga baya, a gidan Azizu, aka duba ta wane ɓangare rigar ta tsage, da aka ga ta baya ne sai gaskiya ta fito. Malamai irin su Ibnul Ƙayyim da Ibnu Farhun, wanda Bamalike ne, sun kafa hujja da wannan ƙissa wajen nuna cewa alƙali na iya yin aiki da alamomi. To, da a ce wata mai son tsafta ta ɗauke rigar nan ta wanke ta ɗinke kafin a duba, me za a gani?

Aikin binciken zamani a kan wannan tushe yake. Wani likita Bafaranshe mai suna Edmond Locard, wanda ya buɗe ɗakin binciken 'yan sanda a birnin Liyon a 1910, shi ya shahara da ƙa'idar cewa duk wanda ya shiga wuri sai ya bar wani abu nasa, kuma sai ya tafi da wani abu na wurin. Sawun takalmi ne, ko zanen yatsa a jikin ƙofa, ko ɗigon jini inda gilashi ya yanke shi. Mu ma ba baƙon ilmi ba ne a wurinmu, domin masu bin sawu a karkara sun daɗe da sanin cewa abu na farko idan an yi sata shi ne a hana mutane tattake wurin. Daga 1984, lokacin da aka gano gwajin ƙwayoyin halitta da ake kira DNA a Ingila, har yawu da gashi da maniyyi suna iya nuna mutum ɗaya tak.

Saboda haka ƙa'idar aikin ɗan sanda idan ya iso ita ce ya fara ceton rai idan akwai wanda ya ji rauni, sannan ya killace wurin, ya ɗauki hoto ko ya zana yadda ya tarar da komai kafin a motsa shi, ya tattara abin da zai zama shaida kowanne daban, ya rubuta inda aka same shi da wanda ya ɗauka. A caji ofis akwai mai ajiyar kayan shaida da littafinsa, domin ranar da aka je kotu lauyan wanda ake tuhuma zai tambaya: wa ya ɗauki wuƙar nan, wa ya karɓa daga hannunsa, ina ta kwana? Idan aka kasa ba da amsa, shakka ta shigo, shakka kuwa wanda ake tuhuma take amfana. Kowa ya san ba kowane caji ofis ke da kayan ɗaukar zanen yatsa ba, wani lokaci ma biro da takarda kawai za su zo da su. Amma wannan dalili ne na ƙara kiyaye ɗan abin da ke akwai.

Idan ɓarayi sun shiga

Matsalarmu ta farko ita ce 'yan jaje. Kafin hantsi gida ya cika, kowace maƙwabciya sai ta shiga ɗakin ta ga inda aka ɓalle sif, ta taɓa kwaɗon, ta leƙa tagar, yara kuma suna zagaye gindin katanga suna nuna inda ɓarawo ya dira. Ba a korar mai jaje, amma a shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida ko a wani ɗaki, a ja ƙofar wancan a rufe. Kada ki share, kada ki mayar da kaya mazauninsu. Idan ɓarawon ya yar da wani abu, hula ko takalmi ko ƙarfen da ya ɓalle ƙofa da shi, a bar shi a inda yake. Sawun da ke fili, inda iska ko kaji za su ɓata, a kifa masa kwano ko kwando. Ki ɗauki hoto da waya daga bakin ƙofa, a aika caji ofis mafi kusa ko a kira 112, a sanar da mai unguwa.

Sannan ki zauna ki rubuta abin da aka ɗauka tun hankali bai rarrabu ba. A nan ne rasit yake da rana. Yawancinmu mun fi adana kwalin turare a kan takardar sayen gwal ko keken ɗinki, alhali ranar da aka kamo kayan sata, sai wadda ta iya nuna alamar cewa nata ne za a ba ta. Kowace waya tana da lamba 15 da ta keɓanta da ita; ki danna *#06# za ta fito, ki rubuta a littafi yau ɗin nan, domin da ita ake bin sawun wayar da aka sace.

Idan an ji wa wani rauni, asibiti ne farko, ba a jiran kowa. Tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa asibitoci karɓar wanda aka harba da bindiga ba tare da sun jira takardar 'yan sanda ba.

Abin da ba ma son faɗa

Nan ne zan daɗe, domin nan ne aka fi yin asara. Yarinya ta dawo daga aike ko talla tana kuka, tana tafiya da ƙyar, uwa ta duba ta gane abin da ya faru. Abin da zuciyar kowace uwa ke ba ta shi ne ta dafa ruwan zafi ta gasa ta, ta wanke kayan ko ta jefa su a masai, ta rufe maganar. Tausayi ne da kunya suke sa haka, ba wanda zai zarge ta. Amma a cikin rabin sa'a ta wanke duk abin da likita zai gani ya rubuta, kuma ba da rahoton likita ake tsayawa gaban alƙali ba? Bayan nan sai maganar yarinya ƙarama da maganar babban mutum mai lauya.

Abin da ya kamata shi ne kada a yi mata wanka, kada a yi mata tsarki da ruwan magani, a lulluɓe ta da zane mai tsafta a nufi asibiti da kayan da ke jikinta. Idan an riga an cire su, a tafi da su yadda suke, kowanne a naɗe cikin takarda mai tsafta ko ambulan. Kada a ƙulle su a leda, domin danshi na sa su yi fumfuna shaidar ta lalace. Haka zanen gado ko tabarmar da abin ya faru a kai. Akwai kuma dalilin gaggawa da ya fi shari'a: maganin da ke kare mutum daga kamuwa da cutar ƙanjamau bayan irin wannan sai an fara shan sa cikin sa'o'i 72, ana sha kwana 28, kuma da wuri ya fi aiki. An buɗe cibiyoyi na musamman domin wannan, irin su Waraka a Asibitin Murtala na Kano, da Salama a Jihar Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato. Inda babu su, babban asibitin gwamnati. A tuna cewa yara maza ma ana yi musu, kuma hanyar ɗaya ce.

Wata za ta ce, wankan janaba fa? Yarinyar da ba ta balaga ba babu wajibcin komai a kanta, babba kuwa wanka ba ya wajaba a kanta nan take sai idan salla ta zo. Wata kuma za ta kawo maganar rufin asiri. Suturar da addini ya kwaɗaitar ita ce ta wanda ya yi saɓo tsakaninsa da Ubangijinsa. Mai farautar 'ya'yan mutane, idan kika rufa masa yau, 'yar maƙwabciyarki kika miƙa masa gobe. Asirin yarinyar shi ne abin rufewa, kuma ana rufe shi ne ta hanyar hana labarin yawo a gidajen biki, likita da ɗan sanda mai bincike su kaɗai su ji. Kada kuma a yi ta maimaita mata tambaya, kowace goggo da tata, har ta ruɗe ta fara faɗin abin da take jin ana so ta faɗa.

Ranar da bincike ya zo gidanki

Wani lokaci kuwa ke ce za a ƙwanƙwasa wa ƙofa, wataƙila saboda ɗan haya, ko ƙanen miji, ko abokin ɗanki da ya kawo ajiya. Suratun Nur ta koyar da neman izini kafin shiga gidan mutane, sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 shi ma ya kare sirrin gida. Don haka a ƙa'ida sai da takardar izinin bincike, wato waranti, mai ɗauke da sa hannun alƙali ko majistare, wadda ta faɗi gidan da abin da ake nema. Kina da ikon cewa a nuna miki ita tare da katin shaidar aiki, ko da ta bayan ƙofa ne, idan ba ki iya karanta Turanci ba a kira wanda zai karanta. Ki sani ana iya zartar da ita kowace rana, har ranar hutu, kuma idan sun biyo wanda suke nema ya faɗa gidan, doka ta ba su damar shiga ba tare da ita ba.

Abin da mata da yawa ba su sani ba shi ne doka ta san da matan kulle. Tsohuwar dokar bin bahasin laifuka ta Arewa ta 1960 ta tanadi haka, dokar tarayya ta 2015 da lauyoyi ke kira ACJA ta maimaita, jihohi kuma suka yi nasu a kan tsarinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Tanadin shi ne, idan wurin da za a bincika na macen da bisa al'ada ko addini ba ta fita gaban maza ne, wajibi ne a sanar da ita kafin a shiga, a ba ta damar kimtsawa ta kauce. Idan kuma jikin mace za a bincika, mace ce za ta yi, cikin mutunci, sai fa in lalura ta gaggawa ta hana.

Amma a kula, kaucewar dama ce aka ba ki, ba tilas ba ce. Ni a ganina, idan babu wani babba namiji a gidan, gara ki sa hijabinki ki tsaya inda idonki ke kan hannuwansu. Doka ta ba mazaunin gida damar halartar bincike, ta kuma ce a yi shi gaban shaidu biyu. A aika a kira mai unguwa ko limamin masallaci ko wani dattijo. Sananne ne kuma a aikin cewa masu bincike kan bari a laluba aljihunsu kafin su shiga, don kada a ce sun shigo da wani abu. Ki roƙa a bi ɗaki ɗaya bayan ɗaya, maimakon su warwatsu. Muhimmancin wannan shi ne, a ƙarƙashin sashe na 14 na Dokar Shaida ta 2011, kotu na iya karɓar abin da aka ce an samu a gidanki ko da an saɓa ƙa'ida wajen binciken, sai idan alƙali ya ga ɓarnar karɓar ta rinjayi amfaninta. Ke nan a tsakar gida ake tsare gaskiya, tun kafin a kai ga kotu.

Idan sun gama, duk abin da za su tafi da shi sai an rubuta shi, su sa hannu, shaidu su sa, a ba ku kwafi. Kuɗi a ƙirga a gaban kowa a rubuta adadin, gwal a faɗi guda nawa, waya a faɗi irinta. Kada ki sa hannu ko ki dangwala a farar takarda, ko a rubutun da ba a karanta miki ba. Kada ki yi kokawa ko zagi, kada ki ɓoye abu ko ki jefa shi ta katanga don ceton ɗa ko ƙane, domin wannan laifi ne mai zaman kansa. Idan an yi miki ba daidai ba, ki riƙe suna da lambar da ke ƙirjin rigar da sunan caji ofis ɗin, a kai ƙara wurin Baturen 'yan sandan yankin, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Idan kuma wanda suke nema ba ya nan, ba su da ikon tafiya da ke ko da tsohuwarsa a madadinsa. Sashe na 7 na dokar 2015 ya haramta wannan, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta sake haramtawa. In an tafi da shi, ki tambayi ofishin da za a kai shi da sunan mai binciken. Tsarin mulki ya ce a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu, ban da laifukan da hukuncinsu kisa ne. Idan maganar beli ta taso aka ce a je a nemo namiji, ki sani dokar 2015 ta ce ba a hana mutum tsayawa beli don kawai mace ce.